Fuska ta karkace? Fara da tambayar tun yaushe

Sana'ata ɗaukar hoto, kuma rabin aikina fuska ce tsagwaronta: hoton fasfo, hoton katin shaida, hoton da za a liƙa a takardar neman aiki. Da wuya mako ya wuce ban samu wanda zai karɓi hotonsa, ya ƙura masa ido, ya yi jim, sannan ya ce, "Malam, ya na ga kamar bakina ya karkace?" A da amsata guda ce: haka kowa yake, je ka abinka. Na daina saurin faɗin haka tun ranar da tawa fuskar ta zube. Yanzu kafin in ce komai sai na tambaya, "Tun yaushe ka lura?"

Amsar nan ce ke nuna inda za ka nufa. Karkatar da ta zo cikin 'yan sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu, wannan ta asibiti ce, yau ba gobe ba. Wadda ke ƙaruwa sannu a hankali cikin watanni tana buƙatar likita, amma akwai sararin shiri. Wadda kuwa da ita ka tashi, kyamarar waya ce kawai ta tona maka ita jiya, wannan fuskarka ce, gyara ta ganin dama ne. Mutane sukan cakuɗa su: mai ta farko ya zauna a gida yana shafa man zafi, mai ta ƙarshe ya hana idonsa barci.

Idan farat ɗaya ta zo

Tawa da safe ta same ni. Ina goge haƙora, na guntsi ruwa zan kuskure baki, sai ruwan ya tsiyayo ta gefen dama ya jiƙa mini gaban riga. Na sake guntsa, ya sake zubowa. Da na ɗaga kai na dubi madubi, gefen bakin ya sauko, girar dama ta ƙi ɗaguwa, idon dama kuma ya ƙi rufuwa. In na matsa masa sai ƙwayar ta juya sama, fari kawai ake gani. Na gwada fito, iska ce ta fita. Kwana biyu kafin nan ina jin wani ciwo a bayan kunne, na ɗauka kwanciya ce ba ta yi daidai ba. Da wannan tunanin na ɓata yini guda cur ina jiran abin ya saki.

Kada ka yi irin nawa. Tsaya gaban madubi, ko ka sa wani ya tsaya gabanka, ka ɗaga gira biyu, ka runtse ido da ƙarfi, ka yashe haƙora, ka kumbura kumatu. Sannan ka miƙa hannuwa biyu gaba ka riƙe su na ɗan lokaci, ka faɗi jimla guda cikakkiya. In hannu ɗaya yana saukowa da kansa, ko magana ta sarƙe, ko ƙafa ta yi nauyi, ko gani ya rikice, to a ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, domin allurar narkar da gudan jini tana da wa'adi, galibi sa'a huɗu da rabi daga farawar alamun. Kada mutum ya tuƙa kansa, kada kuma a ɗura masa ruwa ko magani, don haɗiya ma takan samu matsala.

Akwai alamar da likitoci ke dubawa da farko, ita ce goshi. Goshi yana karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, saboda haka a yawancin shanyewar ɓarin jiki baki ne ke saukowa amma gira tana ɗaguwa. In kuwa jijiyar fuskar ce kanta ta samu matsala, gefen gaba ɗaya ne ke mutuwa, daga goshi har haɓa. Na faɗi wannan ne don ka gane abin da likita ke nema idan ya ce ka ɗaga gira, ba don ka yanke wa kanka hukunci a gida ba. Ko goshi ya motsa ko bai motsa ba, asibiti za ka.

Abin da ya same ni shi ake kira shanyewar Bell, daga sunan Charles Bell, likitan tiyata ɗan Sikotland da ya yi bayanin aikin wannan jijiya a 1821. Ita ce ta bakwai cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, kuma tana bi ta wata ƙuntatacciyar hanya a cikin ƙashin kunne. In ta kumbura babu wurin buɗawa, sai ƙashi ya matse ta, saƙo ya daina wucewa. Shi ya sa wasu ke jin ƙara ta yi musu yawa a kunnen gefen, ko ɗanɗano ya dushe a gaban harshe; duk rassan jijiya guda ne. Ta fi kama masu ciwon suga da mata a watannin ƙarshe na ciki.

Maganin da aka fi bayarwa na rage kumburi ne, prednisolone, na kimanin kwana goma, kuma amfaninsa yana cikin fara shi kafin sa'a 72 ta cika. Wani babban bincike da aka yi a Sikotland, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa bayan wata tara kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka sha shi sun warke sarai, a waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 82 ne. Likita ne zai rubuta shi, kuma ka gaya masa in kana da ciwon suga ko hawan jini, domin yana ɗaga su. Ka kuma sa a leƙa cikin kunnenka. In akwai ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi mai tsanani, wata cuta ce daban da ake kira da sunan Ramsay Hunt, ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jiki ta sake farkawa, kuma tana buƙatar ƙarin maganin ƙwayar cutar da gaggawa. Tsohon ciwon kunne mai fitar da ruwa ma yakan taɓa jijiyar.

Kowa bakin yake kallo, amma ido ne ke cikin haɗari. Idon da ba ya ƙiftawa bushewa yake yi, ƙura ta zauna a kai, har gyambo ya fito a kan baƙin. Da rana a riƙa ɗiga ruwan hawayen roba akai-akai, a sa tabarau in za a fita. Da dare a sa man ido mai kauri, a ja fatar idon ta sama da yatsa a rufe, sannan a liƙe ta da filasta mai laushi a kwance. Kada a ɗora auduga a kan idon da ke buɗe a ƙarƙashi, gogar sa za ta yi. Na yi sati biyar ina wannan liƙin kowane dare. In idon ya yi ja, ko ya fara zafi, ko gani ya yi hazo, likitan ido za a gani a ranar.

Yawancin mutane sukan fara ganin motsi cikin sati uku. Ni ranar goma sha tara na ga gefen leɓena ya ɗan girgiza, kamar ƙuda ya sauka ya tashi, na fi rabin sa'a a gaban madubi ina maimaitawa. Daga nan ne na yi kuskure na biyu. Gaggawa ta kai ni wani wuri da ake manna wa fuska na'urar lantarki tana fizgar tsoka, ni kuma a gida in yi ta yamutsa fuska iya ƙarfina. Da na haɗu da ƙwararriyar mai koyar da motsa tsokar fuska, abu na farko da ta ce shi ne in daina duka biyun. Atisayen da ta ba ni ƙanana ne, a hankali, gaban madubi, motsi ɗaya a lokaci guda: ɗan murmushi kaɗan ba tare da barin ido ya motsa ba. Dalili shi ne jijiyar da ke sake tofowa takan ɓata hanya, reshen baki ya tafi ido. Har yau in na yi dariya sosai idona na dama yakan ƙanƙance da kansa. Wasu kuma hawaye ke zubo musu in suna tauna. Ana sassauta irin wannan da atisaye da allurar Botox, wadda ke rage ƙarfin tsoka na ɗan lokaci, kaɗan-kaɗan. In wata uku ya wuce babu ko alamar motsi, ko abin ya sake dawowa, a koma a nemi a ɗauki hoton cikin kai. Ga waɗanda jijiyar ta ƙi dawowa akwai tiyatar jona wata jijiya ko dasa tsoka, har da ɗan ƙaramin nauyi na zinariya da ake sa wa a fatar ido don ta riƙa rufuwa.

Idan a hankali take tafiya

A nan ne sana'ata ke da abin cewa. Kafin ka je wurin kowa, ka samu hoto na gaskiya. Ba wa wani wayar ya ɗauke ka da kyamarar baya, daga nisan kamar mita ɗaya da rabi, wayar daidai tsayin idonka, haske yana zuwa daga gabanka. Hasken gefe yakan zurfafa kunci ɗaya ya cika ɗaya, ya ƙirƙiri karkatar da babu ita. Ka tabbata kunnuwa biyu suna fitowa daidai a hoton, alamar ba ka juya kai ba. A ɗauki uku: fuska a sake, da murmushi, da haƙora a haɗe leɓe a buɗe. Sai ka nemo tsofaffin hotunanka na shekara biyu, biyar, goma, ka jera. In karkatar tana nan a dukkansu yadda take, hankalinka ya kwanta. In tana ƙaruwa, ka tafi da hotunan wurin likita. Sun fi bayanin baki.

Ga wani gwaji da na koya a wurin wani likitan haƙori da nake ɗaukar wa hotunan marasa lafiyarsa. Ka samu siririn katako mai faɗi, irin wanda ake danne harshe da shi, ka cije shi a kwance da turamen haƙora na gefe biyu, ka dubi madubi. In ya yi daidai da layin idanu, muƙamuƙi a miƙe yake. In gefe ɗaya ya yi sama, ƙashin ne ya karkace, ba fata ba. Ka kuma duba ko tsagar haƙoran gaba na sama ta hau kan ta ƙasa, ka buɗe baki a hankali ka ga ko haɓa tana zamewa gefe.

Sau da yawa daga baki matsalar ke tasowa. Turmi ɗaya ya yi rami, mutum ya koma tauna da ɗaya gefen, shekara ta bi shekara, tsokar tauna ta wannan gefen ta yi kauri kamar damtse. Ko a cire haƙora biyu ko uku ba a maye gurbinsu ba, ƙashin da ke riƙe su ya janye, kunci ya lotsa. Masu cizon haƙora cikin barci ma haka. Gyaran wannan a kujerar likitan haƙori yake: a cike ramin, a sa haƙorin roba ko a dasa sabo, a ba da robar da ake sawa a baki da dare. In tsokar ta riga ta yi girma, Botox yana rage ta na wata huɗu zuwa shida, amma in ba a gyara dalilin taunar gefe ɗaya ba, dawowa za ta yi.

Akwai kuma gaɓar muƙamuƙi da ke gaban kunne. Wani lokaci kan ƙashin gefe ɗaya yakan ci gaba da girma bayan ɗayan ya tsaya, galibi a samari da 'yan mata, sai haɓa ta riƙa tafiya ɗaya gefen shekara bayan shekara. Wani lokacin kuma akasin haka ne: yaro ya faɗi a kan haɓa, aka ɗinke fatar aka manta, ashe kan ƙashin ya tsage, gefen ya daina girma. Waɗannan aikin likitan tiyatar baki da muƙamuƙi ne. Tiyatar daidaita muƙamuƙi tana gyara abin da babu allurar da za ta gyara, sai dai doguwar tafiya ce. Galibi ana jira girma ya tsaya, a sa ƙarfen gyaran haƙora na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a yanka ƙashin a jera shi da ƙananan ƙarafa, a yi kusan sati shida ba tauna mai ƙarfi, sannan a ƙarasa da ƙarfen haƙoran. Leɓen ƙasa yakan yi sanyi ba ji na watanni, a wasu ma ba ya dawowa duka. A tambayi wannan tun kafin a sa hannu.

Kumburi kuwa ba a yi masa jira. Na ƙurjin haƙori da na hangum sananne ne, suna zuwa da zafi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne marar zafi: ƙullutu a gaban kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi da ke girma shiru, musamman in gefen fuskar yana raunana a hankali, ko kumburin muƙamuƙin yaro da ke ƙaruwa cikin kwanaki har haƙora su fara girgiɗi. Haka fatar ido da ta sauko. In tsufa ne, ƙaramar tiyata tana ɗaga ta. In da safe lafiya lau, da yamma ta faɗo, a ga likitan jijiyoyi. In farat ɗaya ta sauko tare da ciwon kai ko ganin abu bibbiyu, wannan ta koma sahun gaggawa.

Iyaye, ku dubi jariri ta sama, daga tsakar kai. In kullum gefe ɗaya yake juya wuya, ƙeyar gefen takan baje, kunne da goshin gefen su ɗan turo gaba. Tun 1992 da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fara ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, mutuwar jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai, bajewar ƙeya kuma ta ƙaru. Ba a sauya kwanciyar, rigingine dai. Abin da ake yi shi ne a riƙa kifa shi a kan ciki in yana farke ana kallonsa, a riƙa sauya gefen da haske da mutane suke, a kuma nuna wa likita wuyan, domin tsokar wuya da ta ɗaure tana sakuwa da miƙarwa in an fara da wuri. Akwai kuma waɗanda aka haifa da gefen fuska ɗaya ƙarami, kunne da muƙamuƙi duka, kimanin jariri 1 cikin 3,500 zuwa 5,600, kuma gyaransu mataki-mataki ne yayin da suke girma. Yaron da haƙoransa na sama ke shigewa cikin na ƙasa ta gefe ɗaya, a kai shi tun ƙashi yana ɗanye, don faɗaɗa dasashin sama a lokacin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan dama can haka take

Mafi yawan masu yi mini ƙorafi a nan suke. Fuskar da ka sani ta madubi ce, wadda hagu ya koma dama. Hoto yana nuna maka wadda mutane suka sani. Karan hancinka da ya ɗan kauce hagu a madubi, a hoto dama ya kauce, sai idonka ya ga kaucewar kamar ta ninka. A 1977 an gwada wannan a Amurka: aka nuna wa mata hotunansu iri biyu, na daidai da wanda aka juya. Su sun fi son wanda aka juya, ƙawayensu kuwa sun fi son na daidai. Ga kuma sharrin kusanci. Wasu likitocin tiyatar fuska sun wallafa lissafi a 2018 cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, in an kwatanta da na nisan mita ɗaya da rabi.

Wata rana wani matashi ya dame ni sai na daidaita masa fuska a kwamfuta. Na raba hoton biyu, na haɗa hagu da hagu, dama da dama, na ajiye masa su gefe da gefe. Ɗaya ya fito da siririyar fuska idanu a matse, ɗayan da faffaɗan muƙamuƙi kamar ɗan dambe. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Waɗannan ai ba ni ba ne." Na asalin ya biya ya tafi da shi.

Shekaru suna ƙara bambancin, musamman daga gira zuwa haɓa, domin kitse da fata ba sa saukowa tare. Rana ma tana da hannu. A 2012 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga hoton wani direban babbar mota ɗan shekara 69 da ya yi shekara 28 yana tuƙi. Gefen hagunsa, mai fuskantar taga, ya yamutse ya yi kauri kamar ya girmi na dama da shekaru masu yawa. Man kare fata daga rana, barin taba, da kula da haƙora sun fi duk wani atisayen fuska da ake tallatawa a intanet. Tausa, danna harshe a ganɗa, da taunar cingam ba sa motsa ƙashin baligi. Cingam ɗin ma tsokar da kake son ragewa yake ƙara wa ƙarfi.

In duk da haka kana son gyara, fara da abin da za a iya warwarewa. Sauya tsagar gashi zuwa gefe, domin tsagar tsakiya layi ce da ke auna fuska. A gyara gira ko gemu don su cike gefen da ya gaza. In tabarau ne ke zama a karkace, sau da yawa kunne ɗaya ne ya ɗan fi ɗayan hawa sama, mai tabarau zai lanƙwasa hannunsa cikin minti biyu. A hoto ka ɗan juya kafaɗa da fuska kaɗan, ka bar gefen da idonsa ya fi ƙanƙanta ya fi kusa da kyamara. Haka nake tsayawa a kowane hoto tun bayan ciwona.

Mataki na gaba allura ce. Botox yana sassauta tsokar da ta fi jan ƙarfi, aikinsa a goshi da gefen ido wata uku zuwa huɗu. Allurar ciko tana cike inda ya lotsa, mai sinadarin hayaluronik takan kai wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi, kuma ita ce ke da maganin narkarwa in ba ta yi kyau ba. Ana kuma ɗebo kitsen jikin mutum a zuba, wani ya zauna wani ya narke. A nan karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ba misali ba ce: ciko in ya shiga jijiyar jini, musamman a karan hanci da tsakanin gira, yana iya kashe fata ko ya makantar. Likita mai lasisi kaɗai za a bari ya taɓa fuska, kuma kafin allura ta shiga ka tambaye shi sunan abin da zai zuba, ka ga kwalinsa a rufe, ka ji ko maganin narkarwar yana nan a ɗakin. Kada ka yarda da cikon da aka ce ba ya narkewa har abada, fuskar da ke kewaye da shi za ta ci gaba da sauyawa.

Wanda kuwa yake kwashe sa'o'i a gaban madubi, yana ƙin shiga mutane saboda abin da ko 'yan gidansu ba sa gani, ko an yi masa gyara sau biyu bai gamsu ba, likitan da ya kamata ya fara gani shi ne na lafiyar ƙwaƙwalwa. Damuwa ce mai suna kuma mai magani, tiyata kuwa ba kasafai take kwantar da ita ba. Na taɓa ɗaukar wata baiwar Allah sau arba'in da ɗaya a zama guda, ta ƙi ko ɗaya, ni kuwa har na goge su ban ga abin da take nuna mini da yatsa ba.